Kundin aikin gyaran tsohuwar gadar dutse mai baka uku

8 ga Janairu

An hana manyan motoci hawa gadar, an bar wa masu ƙafa da babura gefe ɗaya. Ruwan kogi ya janye har ana iya tsayawa a gindin ginshiƙan biyu, saboda haka aka fara da awo.

Tazarar bakan tsakiya mita 9.6 ce, tashinsa daga inda ya rabu da ginshiƙi zuwa ƙololuwa mita 3.2, wato sulusin tazarar. Bakunan gefe mita 7.8 kowanne. Kaurin duwatsun baka santimita 45, kuma a fuskar bakan tsakiya akwai dutse 41, kowanne an sassaƙe shi samansa ya fi ƙasansa faɗi, ta yadda in ya nemi zamewa ƙasa sai maƙwabtansa su matse shi. Kaurin kowane ginshiƙi mita 2.4. Faɗin gadar baki ɗaya mita 5.2.

Ga yadda sassan suke zaune, domin sunayen za su yi ta dawowa a kundin nan. Baka, wato lanƙwasasshen ginin dutse da ke ƙetare ruwa, shi ke ɗaukar kaya. A kansa akwai ciko na ƙasa da tsakuwa da ɓarɓashin dutse, wanda ya daidaita hanya. Bangon gefe, na dama da na hagu, shi ke riƙe cikon kada ya zube cikin kogi, a kansa kuma katangar kariya. Ginshiƙai suna tsakiyar ruwa, kowanne da hanci mai tsini da ke raba ruwa biyu. A bakin kogi ta kowane ɓangare akwai madogara wadda bakan ƙarshe ya tokara.

Abin da ido ya gani yau: bangon gefe na ɓangaren da ruwan kogi ke fitowa ya kumburo waje da santimita 7 a kan bakan tsakiya. A cikin bakan akwai tsaga mai bin tsawon hanya. Duwatsu shida kusa da ƙololuwa fuskarsu ta ɓare, ɗaya ya sauko da santimita 3. Ƙasan bakunan duka uku a jiƙe yake ko da yake an daɗe ba a yi ruwan sama ba, da farin gishiri yana tsattsafowa daga mahaɗan duwatsu. Wannan jiƙar ta fi tsagar tayar mana da hankali.

15 ga Janairu

Ginin da kansa ya nuna matakan da ya bi. Tsagar nan mai bin tsawon hanya, da aka wanke ta da ruwa da buroshi, ashe ba karaya ba ce. Mahaɗar gini biyu ce. Asalin gadar faɗinta mita 3.7 ne, daidai keken dabbobi ɗaya da mai tafiya a gefensa. Daga baya aka ƙara mata mita 1.5 ta gefen sama, aka jingina sabon baka da tsohon ba tare da an saƙa duwatsun cikin juna ba. Sassaƙar ma ta bambanta: tsofaffin duwatsu suna da ɗigo-ɗigon ƙarfe mai tsini, na ƙarin kuwa layuka ne a jere na ƙarfe mai faɗin baki. A kan tsofaffin akwai alamomin masassaƙa iri huɗu da ke maimaituwa. A gine-ginen da, irin wannan alama ita ke nuna dutsen wane ne, a san abin da za a biya kowa.

An ciro tsohon kwaɓi daga zurfin santimita 15. Fari ne mai laushi, da ƙullutai na farar ƙasa da ba su narke ba, da baƙin gawayi jefi-jefi. Wannan shaida ce cewa an ƙona dutsen farar ƙasa da itace ko gawayi, aka kwaɓa da yashi tun tana da zafi. Siminti bai shigo gadar ba sai a mataki na uku, wanda aka shafe mahaɗai da shi, sannan kwalta hawa uku a sama.

Siffar bakan tana da nata tarihin. Rumawa sun fi yin baka rabin da'ira. Gadar Fabricius da ke birnin Rum, wadda aka gina shekara 62 kafin haihuwar Annabi Isa, da gadar Alcántara a kan kogin Tagus a Sifaniya, wadda aka gina tsakanin shekarar 104 da 106 a zamanin sarki Trajan, duk kusan haka suke. Rabin da'ira yana sauke nauyi kusan a miƙe zuwa ƙasa, amma yana ɗaga hanya sama, sai dabba mai jan kaya ta sha hawa. Baka mai kwanciya, wanda yanki ne kawai na da'ira, yana sauƙaƙa hawan amma yana tura madogara gefe da ƙarfi. Li Chun ya yi irinsa a gadar Anji ta ƙasar Sin tsakanin 595 da 605, tazara mita 37, tashi mita 7 da ɗan abu. Tamu tana tsakani: yankin da'ira ce mai nisan mita 5.2 daga cibiya.

Kaurin ginshiƙi ya fi siffar baka muhimmanci ga aikin da ke gabanmu. Jean-Rodolphe Perronet, shugaban farko na makarantar gadoji da hanyoyi da aka kafa a Faransa a 1747, ya nuna cewa in bakuna biyu suna tura ginshiƙi daga ɓangarori biyu, turin yana kashe juna, don haka ana iya sirance ginshiƙin. A gadar Neuilly, wadda a 1772 aka cire wa madogaran katakon da aka gina bakunanta a kansu, ya rage shi zuwa wajen kashi ɗaya cikin tara na tazara. Kogi ya sami hanya, amma kowane baka ya zama yana dogara da maƙwabcinsa, in ɗaya ya faɗi sauran za su bi. Ginshiƙan gadarmu rubu'in tazara ne, tsohon yayi. Ma'ana, za mu iya sauke cikon baka ɗaya mu yi aiki a kansa ba tare da na kusa ya ture ginshiƙi ba.

23 ga Janairu

Yau aka duba ƙarƙashin ruwa. An bi kewayen kowane ginshiƙi da sandar ƙarfe mai tsawon mita 3, ana soka ta kowane rabin mita. Dole a soka, kallo ba ya isa. Lokacin ambaliya ruwa yana bugun hancin ginshiƙi, ya nutsa ƙasa, ya yi juyi ya ƙwaƙule gindin. Da ambaliyar ta lafa sai yashi mai laushi ya cike ramin, ƙasan kogi ya koma sumul kamar ba abin da ya faru. Sanda tana ratsa irin wannan yashi ba gardama, sai ta isa ƙasa mai tauri ta tsaya.

Ginshiƙin hagu lafiyarsa lau, yana zaune a kan fa. Na dama yana kan shimfiɗar katako da turaku da aka kafa cikin laka, kuma a hancinsa akwai rami mai zurfin mita 1.3, wanda ya shiga ƙarƙashin harsashi da santimita 60. Wani kututture da ya maƙale a hancin ya ƙara ɓarnar, domin tarkace yana sa ginshiƙi ya zama kamar ya ninka faɗi a gaban ruwa, kuma zurfin ƙwaƙular yana ƙaruwa da faɗin abin da ya tare ruwan.

Wannan ciwo shi ya fi kashe gadojin dutse. A Ingila, a watan Disamba na 2015, gadar Pooley mai baka uku, wadda ta tsaya tun 1764, ta rushe cikin ambaliya, kuma kafin watan ya ƙare wani sashe na gadar Tadcaster ya faɗa kogi. Ba nauyin mota ne ya kayar da su ba. Saboda haka an sauya jerin aiki: harsashi ya zo farko, duk wani aikin sama ya jira.

2 ga Fabrairu

Lissafi. Dutse yana jure matsi ƙwarai, amma gini na dutse ba ya jure ja, da an ja shi mahaɗa za ta buɗe. Tun 1675 Robert Hooke ya faɗi asirin baka: yadda sarƙa ke lanƙwasa in an rataye ta ta bakin biyu, in aka kifa wannan siffa sama, ita ce hanyar da nauyi ke bi cikin baka. Aikin injiniya shi ne ya tabbatar wannan layin turi yana cikin kaurin dutse daga madogara zuwa madogara. In yana cikin sulusin tsakiya na kaurin, babu mahaɗar da za ta buɗe. In ya matso baki, mahaɗa ta buɗe ta ɗaya ɓangaren, wurin ya zama kamar hinjin ƙofa. Baka mai hinji uku yana tsaye daram, kuma tsofaffin gadoji da yawa haka suke zaune shekaru aru-aru. Na huɗu shi ke kawo rushewa. Jacques Heyman ya tsara wannan fahimta a 1966, kuma a kanta muka gina lissafinmu.

Wurin da mota ta fi cutar da baka ba ƙololuwa ba ce, wajen rubu'in tazara ne, inda nauyin ke danna ɓangare ɗaya ya nemi ɗaga ɗayan. An fara da hanyar MEXE, wadda sojojin Birtaniya suka ɓullo da ita don saurin kimanta gadar da tankin yaƙi zai hau. Tana amfani ga tazarar da ba ta wuce mita 18 ba, kuma ƙiyasi ne kawai, shi ya sa aka bi ta da lissafin layin turi a kwamfuta, da nauyin tan 11.5 a kan ƙarfe ɗaya mai haɗa tayoyin mota ana matsar da shi taki-taki. Sakamakon: in duwatsun baka suna da cikakken kaurinsu na santimita 45, gadar tana ɗaukar wannan kaya da rara. In aka cire santimita 8 da kwaɓi ya zube daga mahaɗai, rarar ta kusa ƙarewa. Kwaɓin da ya zube daidai yake da an rage wa baka kauri.

An tattauna shawarar zuba kankare mai rodi a bayan bakan. Ana yin haka a wurare da yawa, kuma yana ƙara ƙarfi. Ba mu ɗauka ba. Kankaren zai manne baka ya hana shi ɗan motsin da yake yi yana bin harsashi, zai ɓoye bayan duwatsu har abada, kuma ba a iya cire shi ba tare da an lalata abin da ake son ceto ba. Tunda lissafi ya nuna bakan ya isa da kansa, abin da yake bukata a mayar masa da kwaɓinsa a raba shi da ruwa.

10 ga Fabrairu

An kewaye ginshiƙin dama da madatsar wucin gadi ta manyan buhunan yashi masu tan ɗaya-ɗaya, jeri biyu, da leda mai kauri a tsakani. An bar mita 1.5 tsakanin madatsa da ginshiƙi don masu aiki. Injin tsotso mai bakin inci 4 yana aiki, wani yana ajiye. Bakin bututun tsotso yana cikin ganga mai huji da aka cika kewayenta da tsakuwa. In ba a yi haka ba injin zai riƙa jan yashi daga ƙarƙashin harsashi tare da ruwan, a ƙara ramin da aka zo cikewa.

Turakun katako suna nan da ƙarfinsu, wuƙa ba ta shige su fiye da milimita 5 ba. Katako da ke nutse cikin ruwa kullum ba ya ruɓewa, domin iskar da ƙwayoyin ruɓa ke bukata ba ta kai gare shi. Yana fara lalacewa ne ranar da ya sha iska. Don haka ba a tsotse ruwan ƙasa da kan turakun sai na sa'o'in aiki, a lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhun algarara, da yamma a bar ruwa ya dawo.

Ana cike ramin ƙarƙashin harsashi yanki-yanki, kowane yanki faɗin mita ɗaya, a tsallake na kusa sai wanda aka zuba ya yi kwana uku. Ba a taɓa buɗe yanki biyu maƙwabta lokaci guda. A nan kam kankare ake zubawa, domin yana ƙarƙashin ruwa kuma ba ya taɓa fuskar tsohon dutse. Ana barin tazarar santimita 5 a sama, a cusa busasshen kwaɓi da katako da guduma har ya ƙi shiga, saboda kankare yana ɗan tsukewa in ya bushe, kuma ƙaramar tazara ta isa ginshiƙi ya zauna ya tsaga baka. Bayan haka za a shimfiɗa yadi mai tace ruwa, a jera manyan duwatsu masu nauyin kilo 300 zuwa 500 kewaye da hancin, samansu daidai da ƙasan kogi. In suka yi tudu, su ma sun zama abin da ke tare ruwa.

19 ga Fabrairu

Harsashi ya kammala, an kwashe madatsa. An yanke bishiyoyi uku da suka tsiro a bangon gefe, an huda kututturan an zuba maganin kashe saiwa. Ba a tumɓuke su, saiwar za ta fito da duwatsu. Sai ta mutu ta bushe a zaro ta.

Ma'aunan tsaga guda takwas da aka manna tun 9 ga Janairu ba su nuna motsin da ya wuce rabin milimita ba, kuma shi ma yana tafiya yana dawowa tsakanin sanyin safiya da zafin rana. Gadar ba tafiya take yi ba.

27 ga Fabrairu

An fara cire simintin da aka shafe mahaɗai da shi. Da hannu ake yi, da siririn ƙarfen sassaƙa da ƙaramar guduma, a fara huda tsakiyar mahaɗa sannan a karya simintin zuwa ciki. An hana injin yanka mai faifai, domin ko a hannun gwani yana cin gefen dutse, mahaɗar milimita 12 ta koma 20. Magini ɗaya yana gama murabba'in mita 3 zuwa 4 a yini, kuma ba a matsa masa ya wuce haka.

Abin da aka tarar a baya ya bayyana jiƙar da aka gani ranar farko. Simintin kaurinsa bai wuce santimita 2 ba, a bayansa tsohon kwaɓi ya zama taɓo, a wasu wuraren ma babu komai sai rami har tsawon hannu. Ga yadda abin ke faruwa. Ruwa yana shiga ta tsagar kwalta, ya ratsa ciko, ya iso bayan baka. A ginin asali kwaɓin farar ƙasa ya fi dutse laushi da ƙofofin iska, sai ruwan ya bi ta mahaɗa ya fita ya bushe, gishirin da ya ɗauko ya taru a kan kwaɓi, kwaɓin ya ci a hankali. Haka ake so, domin sabunta kwaɓi abu ne mai sauƙi. Da aka toshe mahaɗa da siminti, ruwa ya rasa mafita sai ta jikin dutse. Gishiri ya riƙa ƙanƙarewa a ƙarƙashin fatar dutsen yana ɓare ta. A ƙasashe masu tsananin sanyi ƙanƙara tana yin irin wannan ɓarna da sauri fiye da haka. Ga shi kuma siminti ba ya lanƙwasa: gada ta ɗan motsa, ya tsage siriri, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita.

Masu wancan gyara sun bi abin da aka ɗauka ci gaba ne a lokacinsu. Tun da Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a 1824, saurin kamawarsa da ƙarfinsa suka sa a hankali aka manta da farar ƙasa. Amma tun kafin shi John Smeaton, lokacin da yake gina hasumiyar fitilar teku ta Eddystone tsakanin 1756 da 1759, ya gano cewa dutsen farar ƙasa mai ɗan yumɓu a ciki yana ba da kwaɓin da ke kamawa ko a cikin ruwa, kuma Louis Vicat ya bayyana dalilin a 1818. Irin wannan farar ƙasa, wadda ake kira NHL, lambarta kuma ke nuna ƙarfinta, za mu yi aiki da ita: mai lamba NHL 3.5 a bakuna da bango, mai lamba NHL 5 a ginshiƙai daga iyakar cikar ruwa zuwa ƙasa.

An yi gwaji a wurare huɗu, kowanne murabba'in mita ɗaya, da haɗi daban-daban.

9 ga Maris

Sakamakon gwaji. Haɗin awo 1 na farar ƙasa da awo 2 na yashi mai laushi ya tsattsage, domin yashi mai ƙwaya iri ɗaya yana shan ruwa da yawa, in ya bushe ya tsuke. Haɗin 1 da 3 yana zubar da gari in an goga yatsa. Wanda aka bari a rana ba rufi ya yi fari fat cikin yini guda, samansa ya yi ɓawo cikinsa gari, saboda ruwan ya tsere kafin kwaɓin ya kama. Wanda ya yi kyau shi ne 1 da 2.5, da yashi mai kaifi wankakke, mai ƙwaya daga gari har milimita 4, wanda aka rufe.

Ƙa'idar aikin daga yau: a ƙwaƙule mahaɗa zurfin ninki biyu na faɗinta, kada ya gaza milimita 25, ko har a isa kwaɓi mai ƙarfi. A wanke ƙura. A jiƙa dutse tun jajibiri, a sake jiƙawa da safe, ya zama da danshi amma ba ya ɗiga. A juya kwaɓi minti 20 a inji, da ruwa kaɗan, ya dunƙule a hannu ba tare da ya malalo ba. Farar ƙasa tana ƙara laushi da juyawa, don haka wanda ya ga ta yi tauri ya ƙara minti, kada ya ƙara ruwa. A cusa da siririn ƙarfe hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 20. In ya fara tauri, yadda farce zai shiga amma yatsa ba zai shiga ba, a daddoke shi da buroshi mai tauri, wannan yana matse shi yana buɗe fuskarsa. A rufe da jiƙaƙƙen algarara kwana bakwai aƙalla. Ba a aiki in zafi ya haura digiri 30 ko sanyi ya sauka ƙasa da 5, shi ya sa yanzu ake farawa da asuba a tashi kafin azahar. Safar hannu da tabarau dole ne, farar ƙasa tana ƙona fata, a ido kuwa tana iya makantarwa.

Yawan kaya: murabba'in mita ɗaya yana da mahaɗa wajen mita 6, yana cin kwaɓi lita 3 har da asara. Filin da za a yi murabba'in mita 310 ne, wato kusan kubik mita ɗaya na kwaɓi, buhu 13 na farar ƙasa masu kilo 25. Ramukan ciki lissafinsu daban. Su ruwan kwaɓi ake ɗura musu ta bututu daga bokitin da aka rataye mita 2 sama da ramin, a fara daga ƙasa, in ya ɓullo a hujin sama a toshe na ƙasa a hau. Ba a sa injin matsi mai ƙarfi, yana iya tura bangon da ya riga ya kumbura.

20 ga Maris

An kafa madogarar katako ƙarƙashin bakan tsakiya: haƙarƙari biyar masu bin siffar bakan, tazarar mita 1.2, da faffaɗan katako a kansu. An yanka su bisa siffar da bakan yake da ita yau, ba cikakkiyar da'irar takarda ba, domin baka da ya zauna shekaru ya sami inda ya huta, tilasta masa komawa zai buɗe sababbin tsagogi. Ƙafafun suna zaune a kan ƙusoshin katako masu tsini biyu-biyu da ke fuskantar juna, waɗanda da su za a sassauta daga baya. A jikin ginshiƙai akwai duwatsu da suka ɗan fito waje a ƙarƙashin inda baka ya fara. A kansu magina na farko suka ɗora tasu madogarar, kuma a kansu muka ɗora tamu.

Sai aka kwashe ciko. Nan ne aka fi yin ganganci a irin wannan aiki. Ciko ba kaya ne kawai a kan baka ba, nauyinsa yana danne duwatsu su riƙe juna, kuma yana tokare kafaɗun baka kada su bulluƙo. In aka kwashe ɓangare ɗaya aka bar ɗaya, an yi wa bakan abin da mota mai nauyi ke yi masa a rubu'in tazara. An fara daga ƙololuwa ana sauka dama da hagu tare, bambancin zurfi bai taɓa wuce santimita 30 ba. Ƙaramin injin haƙa yana tsaye a kan ginshiƙi, santimita 20 na ƙarshe da shebur. A kan kafaɗun an tarar da ginin dutse da kwaɓi da magina na farko suka yi don tokare bakan. Ba a taɓa shi ba. Ragowar yumɓun da suka dandaƙa a bayan baka don hana ruwa yana nan, amma wani ramin bututu da aka haƙa daga baya ya ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, daidai saman duwatsun da suka lalace.

Duwatsu huɗu cikin shidan aka sauya, biyu sun gyaru. Sababbin daga dutse mai irin launi da irin shan ruwa aka yanko su, kuma an lura da kwanciyarsu. Dutse mai hawa-hawa dole a sa shi yadda turi zai danna hawan su haɗu, wato hawan su bi layin mahaɗa. Biyu daga cikin waɗanda suka ɓare an sa su ne hawan na kallon waje, sai suka riƙa saɓulewa ɗaya bayan ɗaya.

A katangar kariya an sami maƙalan ƙarfe da ke haɗa dutse da dutse. Waɗanda aka zuba wa narkakkiyar dalma a kewaye suna nan lafiya, dabarar da aka yi amfani da ita a gadar Mostar ta 1566, aka kuma maimaita ta da aka sake gina gadar aka buɗe a 2004. Waɗanda aka kafa da siminti sun yi tsatsa, tsatsa kuwa tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi sau da yawa, duk sun fasa duwatsunsu. An cire su an sa na ƙarfen da ba ya tsatsa.

31 ga Maris

An warware sashen bangon gefe da ya kumbura, tsawon mita 4, bayan an sa wa kowane dutse lamba an ɗauki hoto. An mayar da shi a miƙe. Jiƙaƙƙen ciko da tayar mota da ke bi dab da katanga su suka tura shi. Tunda cikon a buɗe yake, an ratsa sandunan ƙarfe marasa tsatsa guda biyar masu kaurin milimita 25 daga bango zuwa bango, da faranti a waje ta kowane gefe. Su ne kuma za su riƙe tsohon baka da ƙarin da aka jingina masa. Matsalar tsohuwa ce: gadar Anji siraran bakuna 28 ne a jere, kuma da maƙalan ƙarfe aka haɗa su. An ɗaure notin sandunan daidai ya kama, ba a ja bango da su ba.

21 ga Afrilu

Sababbin duwatsu sun cika mako huɗu, an sassauta madogarar katako. An bubbuga ƙusoshin katako milimita 3 a kowane zagaye, daga haƙarƙarin tsakiya zuwa na gefe, dama da hagu tare, ana karanta ma'auni a ƙololuwa da rubu'i biyu bayan kowane zagaye. Ƙololuwa ta sauka milimita 2 ta tsaya, haske ya bayyana tsakanin katako da dutse. An bar madogarar a wurin, ba ta taɓa baka, har a gama mayar da ciko.

An fasa ɗan kwaɓi daga wurin gwaji aka ɗiga masa ruwan fenolftalin, wani ruwan gwaji mai canja launi. Milimita 3 na waje bai canja launi ba, cikin ya yi ja-ja, alamar iska ba ta gama ratsa shi ba. Haka ya kamata a wannan lokaci, kwaɓin farar ƙasa yana ɗaukar watanni yana ƙara tauri.

Ciko yana komawa hawa-hawa na santimita 15, tsakuwa mai tsiyayar da ruwa a madadin tsohuwar ƙasa, ana dandaƙawa da ƙaramin inji, dama da hagu tare kamar yadda aka kwashe. A kwarin da ke kan kowane ginshiƙi an kwantar da bututu mai huji na milimita 100, wanda zai fitar da ruwa ta indararo a gefen ƙasa na kogin, bakinsa ya fito santimita 15 daga bango kada ya zuba a jikin dutse.

Abin da ya rage: shimfiɗar hana ruwa a ƙarƙashin kwalta, wadda za ta hau jikin katanga santimita 15 ta kowane gefe, karkata hanya kashi 2.5 cikin 100 zuwa magudanai. Dakalin gefe da zai nisanta taya daga katanga da rabin mita. Mahaɗan bakan hagu, da aka yi kashi 60 cikin 100. Bakan dama, da ba a fara ba. Mahaɗan ginshiƙai na ƙasa su ne na gaggawa, domin suna bukatar mako uku a bushe kafin kogi ya taso, don haka magina huɗu sun koma can daga gobe. Za a sake soka sanda a hancin ginshiƙin dama bayan ambaliyar farko.